Aikatau na Turanci "Stabilise": Asalinsa da Ma'anoninsa a Rayuwar Kafanchan da Kudancin Kaduna

Gabatarwa

Akwai kalmomin Turanci da suka shigo rayuwar mutanen Kafanchan da kewayenta ta ƙofofi da dama, har mai jin su bai cika lura da cewa kalma guda ce yake ji a wurare mabambanta ba. Aikatau ɗin nan da ake rubutawa "stabilise" yana cikinsu. Ma'aikaciyar jinya tana faɗinsa a kan majiyyacin da aka kawo cikin gaggawa, mai gyaran wuta yana faɗinsa a kan lantarkin da ke hawa da sauka, injiniyan hanya yana faɗinsa a kan jar ƙasar da zai shimfiɗa wa kwalta, jami'in gwamnati yana faɗinsa a kan farashin citta, sannan sanarwar hukuma tana faɗinsa a kan gari bayan tashin hankali. Manufarmu a wannan nazari ita ce mu bi sawun kalmar zuwa asalinta, mu duba gininta a nahawu, sannan mu rarrabe ma'anoninta bisa yadda ake aiki da su a wannan yanki. Abin da muke son tabbatarwa shi ne, a duk inda aka yi amfani da kalmar bisa ƙa'ida, tana nufin matakin farko na aiki, wato hana abu ci gaba da lalacewa domin a sami sukunin gyara shi, kuma ana shiga matsala duk lokacin da aka ɗauki wannan mataki a matsayin ƙarshen aiki.

Ma'anar muhimman kalmomi

Kalmomi huɗu za su riƙa maimaituwa, don haka ya kamata mu fayyace su tun daga nan. Aikatau shi ne rukunin kalmomin da ke nuna aiki ko aukuwa, kamar "tsaya" da "gina". Saiwa ita ce ɓangaren kalma da ke ɗauke da ainihin ma'anarta, wanda ba ya raguwa ya bar wata ma'ana. Ɗafa-ƙeya shi ne ɗan guntun da ake liƙawa a ƙarshen saiwa domin a sauya rukuninta ko ma'anarta, kamar "-ci" a "aminci". Kalma ta huɗu ita ce daidaito, kuma a nan muna nufin halin da abu yake ciki idan ƙarfin da ke tura shi ta kowace fuska ya yi kunnen doki, har ya zauna bai karkata ba.

Masana kimiyyar motsi sun kasa daidaito gida uku, kuma ana iya ganin ukun da lemo da ƙwarya. Idan aka sa lemo a cikin ƙwarya aka ɗan ture shi, zai gangaro ya koma gindinta. Wannan shi ne daidaito mai ɗorewa. Idan aka kife ƙwaryar aka ɗora lemon a doronta, zai iya tsayawa na ɗan lokaci, amma ƙaramin taɓi ya isa ya sa shi gangarewa ba dawowa. Wannan shi ne daidaito mai rauni. Idan kuwa aka ajiye shi a kan daɓe, duk inda aka tura shi nan zai zauna; wannan shi ne daidaito na ba-ruwana. Wanda ya kalli lemon cikin ƙwarya da na kan doronta a lokacin da babu mai taɓa su zai ga dukansu a tsaye cik. Bambancinsu ba ya fitowa sai an ture su. Saboda haka ainihin aikin da kalmarmu ke nunawa shi ne mayar da abu daga hali na biyu zuwa na farko, wato ba shi ikon komawa mazauninsa bayan an girgiza shi.

Asalin kalmar

Tushen kalmar yana cikin Latin, harshen tsohuwar daular Rum. A can akwai aikatau "stare" mai nufin tsayawa da ƙafa. An liƙa masa ɗafa-ƙeyar da ke nuna iyawa ko cancanta, aka sami sifa "stabilis", wato abin da ke iya tsayawa bai faɗi ba. Sifar ta gangaro cikin tsohon Faransanci, kuma bayan Normawa masu magana da Faransanci sun ci Ingila da yaƙi a 1066, dubban kalmomin harshensu sun kwarara cikin Turanci, har da wannan, wadda ta zama "stable" tun kafin shekarar 1300. Ɗafa-ƙeyar da ke ƙarshen aikatau ɗin kuwa, wato "-ise", daga Girkanci ta samo asali, ta bi ta Latin da Faransanci, kuma aikinta shi ne mayar da sifa ko suna su zama aikatau mai nufin "sa abu ya zama kaza". Ana rubuta ta da "s" a yawancin rubutun Birtaniya da na Nijeriya, da "z" kuma a Amurka, ma'ana dai guda ce.

Abin lura shi ne sifar ta girmi aikatau ɗin da ɗaruruwan shekaru. Ƙamusoshin tarihin Turanci suna kai farkon bayyanar "stabilise" a rubuce zuwa 1861, kuma a kan jiragen ruwa aka fara amfani da shi. A 1909 aka sami sunan na'ura daga gare shi, a fagen ƙera jiragen sama. Wannan tarihi yana da nauyi ga fahimtarmu, domin jirgin ruwa da jirgin sama abubuwa ne masu tafiya a kan abin da ba ya zama wuri ɗaya. Maƙerinsu ba ya neman ya hana su motsi, yana neman kada igiyar ruwa ko iska ta kifar da su alhali suna cikin tafiya. Daga nan kalmar ta yaɗu zuwa likitanci da tattalin arziki da siyasa, tana ɗauke da wannan ma'ana ta tsare abu mai rai ko mai motsi daga kifewa.

Saiwar Latin ɗin ita ma reshe ce ta wata tsohuwar saiwa da masana tarihin harsuna suka gano a iyalin harsunan Indiya da Turai, mai nufin tsayuwa. Ita ce ta haifi "-stan" na Farisanci mai nufin wuri ko ƙasa, wanda muke ji a Pakistan da Afganistan. Ita ce kuma ta haifi kalmar Latin "statio", wurin tsayawa, wadda ta zama "station" a Turanci, Hausawa kuma suka are ta suka mayar da ita "tasha". Ashe ke nan tun kafin aikatau ɗin da muke nazari ya zama ruwan dare a bakin ma'aikata, 'yar'uwarsa ta riga ta zauna cikin Hausa, kuma Kafanchan na cikin garuruwan da tasha ta raya.

Gininsa a nahawu da takwarorinsa na Hausa

Masana nahawun Hausa suna raba aikatau zuwa so-karɓau, wanda aikinsa ke faɗawa kan wani abu, da ƙi-karɓau, wanda aikinsa ke tsayawa kan mai yin sa. Aikatau ɗinmu yana aiki ta fuska biyun ba tare da ya sauya siffa ba. Ana cewa likita ya yi wa majiyyaci wannan aiki, ana kuma cewa majiyyaci ya shiga wannan hali, da kalma ɗaya. Hausa kuwa tana bambanta su a jikin kalmar: "daidaita" da "daidaitu", "kafa" da "kafu", "tsayar" da "tsaya". Siffar da ke ƙarewa da "-u", wadda F. W. Parsons ya sa a giredi na bakwai cikin rabe-rabensa na aikatau, tana nuna cewa aikin ya kama abin sosai, kuma tana barin alamar cewa akwai hannun da ya yi aikin. Idan sanarwa ta ce da Turanci al'amura sun shiga wannan hali, mai sauraro ba ya jin wanda ya yi aikin, balle abin da aikin ya ci. Mai fassara zuwa Hausa dole ya zaɓa, kuma zaɓinsa hukunci ne.

Hausa ba ta da kalma guda da ta rufe duk faɗin wannan aikatau, amma tana da jerin kalmomi da kowace ke riƙe da sashe. "Tsayar" tana nuna dakatar da abin da ke gudana, kamar jini. "Daidaita" tana nuna gyara tsakanin ɓangarori ko rage hawa da sauka. "Tabbatar", wadda saiwarta ta fito daga Larabci, tana nuna ƙarfafa abu har ya tsira daga shakka. "Lafa" tana nuna raguwar zafi ko hayaniya, ba tare da alkawarin cewa ba za su dawo ba. "Ɗore" tana nuna jure wa tsawon lokaci. A fagen zaman jama'a kuwa Bahaushe ya fi karkata ga zama a kan tsayuwa, shi ya sa yake cewa zaman lafiya, yake kuma cewa ƙasa ta zauna da gindinta.

Ma'ana ta farko: ƙasa da hanya

Ma'anar da ta fi kusa da asali ita ce ta injiniyoyi, wato ƙarfafa abin da za a ɗora wa nauyi. Kafanchan ta zama mahaɗar jiragen ƙasa a 1927, inda layin da ya taso daga Fatakwal ta Inugu da Makurɗi ya rabu biyu, ɗaya ya nufi Kaduna, ɗaya ya haura Jos. Tashar ta jawo ma'aikata da 'yan kasuwa daga sassan ƙasar zuwa yankin mutanen Fantswam, daga baya kuma fadar Sarkin Jama'a ta ƙaura zuwa garin. Tazarar da ke tsakanin ƙarafan dogon milimita 1,067 ce, kuma dole ta zauna haka a duk tsawon layin. Abin da ke tsare ta shi ne gicciyen da aka ɗaure ƙarafan a kai, da tsakuwar da aka jibge a ƙarƙashi da gefe. Tsakuwar tana raba nauyin jirgi, tana barin ruwan sama ya tsiyaye, tana kuma ɗan nutsawa ta taso idan jirgi ya wuce. A aikin hanyar mota ma haka ne: ana cakuɗa jar ƙasa da siminti kaɗan a daddanne ta, domin kada ta kumbura da damina ta tsage da rani. Wannan yanki yana gindin tsaunukan Kagoro da gangaren tudun Jos, ruwan samansa ya fi na Zariya da Kano nesa ba kusa ba, don haka hanyar da ba a yi wa ƙasanta wannan aiki ba, kwaltarta ba ta daɗewa. Duk da haka babu injiniyan da ke kiran dannanniyar ƙasa hanya. Shimfiɗa ce da ake gina hanya a kanta.

Ma'ana ta biyu: wutar lantarki

A nan ne kalmar ta shiga Hausar kasuwa da kanta, domin kowane mai shagon sanyi ko mai firji ya san sitabilaiza. Ƙarfin turin wutar da aka tsara wa gidaje a Nijeriya bolt 230 ne, bolt kuwa shi ne ma'aunin wannan turi. Idan masu jan wuta daga taransifoma ɗaya suka yi yawa, ko waya ta yi tsawo, turin yakan faɗi. Wani lokaci kuma yakan haura ya ƙone kaya. Sitabilaiza ƙaramin taransifoma ne mai matakai da yawa, tare da ma'aunin da ke duba wutar da ke shigowa. Idan ta yi ƙasa sai ya koma matakin da zai ɗaga ta, idan ta yi sama sai ya koma wanda zai rage ta, kuma ƙarar "ƙas" da ake ji daga cikinsa ita ce alamar wannan sauyi. Muna koyon abu biyu daga na'urar. Na farko, zaman da firji ke samu sakamakon gyara ne da ba ya tsayawa. Na biyu, na'urar tana da iyaka: ba ta ƙirƙirar wuta, kuma idan turin ya faɗi ƙasa da abin da aka ƙera ta ta ɗauka, sai ta yanke. Tana kare kayan gida daga illar matsalar, ita kuwa matsalar tana can a kan layi.

Ma'ana ta uku: jikin majiyyaci

A asibiti ma'anar ta fi fitowa fili. Likitoci suna duba abubuwan da suke kira alamomin rai, wato bugun zuciya, hawan jini, numfashi da zafin jiki. Idan aka kawo wanda ya yi haɗari, aikin farko shi ne buɗe hanyar numfashi, tsayar da jini, da ƙarin ruwa ko jini, har alamomin su daina taɓarɓarewa. A nan ake cewa an yi masa wannan aiki, kuma sau da yawa manufar ita ce ya iya jure tafiya daga Kafanchan zuwa babban asibiti a Jos ko Kaduna ko Shika. Dangin da suka ji an ce ya daidaitu suka ɗauka ya warke sun yi wa kalmar mummunar fahimta, domin karaya tana nan, tiyata kuma tana gaba. Misali mafi bayyana shi ne na yaran da tamowa ta yi wa tsanani. Sashen da ake kwantar da su, a Katsina ko Maraɗi ko wani wuri, da wannan kalma ake kiransa a Turanci, kuma madarar da ake fara ba su, mai suna F-75, ba a haɗa ta domin ta sa ƙiba ba. An rage mata ƙarfi da gangan saboda jikin yaron ba zai ɗauki abinci mai nauyi ba tukuna. Sai ya farfaɗo ake matsawa zuwa F-100 ko abincin gyaɗa na musamman, wanda zai mayar masa da jiki.

Ma'ana ta huɗu: farashin amfanin gona

A tattalin arziki kalmar tana nufin rage tazarar da ke tsakanin tsadar abu da arharsa daga lokaci zuwa lokaci. Kudancin Kaduna shi ne cibiyar noman citta a Nijeriya, musamman Kaciya, Jaba, Kagarko, Jama'a da Zangon Kataf, inda manoma suka san irin Tafin Giwa da na Yatsun Biri. Ana shuka ta da faɗuwar damina, a tone ta da kaka, a tsaga a shanya. Da yake kowa a lokaci guda yake kai kaya kasuwa, kuma a lokacin ne bashi da kuɗin makaranta ke jira, farashi yakan faɗi da kaka ya tashi bayan kaya sun koma hannun masu ajiya. Gwamnatin mulkin mallaka ta kafa hukumomin sayen amfanin gona a ƙarshen shekarun 1940 da hujjar magance irin wannan: hukuma ta yanka farashi, ta tara rara a shekarar tsada, ta cike wa manomi giɓi a shekarar arha. A 1954 aka mayar da su hannun gwamnatocin yankuna. Masanin tattalin arziki P. T. Bauer ya soki tsarin tun a wancan lokaci, yana nuna cewa ana biyan manomi ƙasa da farashin duniya, rarar kuma tana tafiya ga wasu ayyukan gwamnati. An rushe hukumomin a 1986. Darasin shi ne farashi yana iya zama wuri ɗaya alhali ya zauna a inda ke cutar da mai noma, don haka tambayar da ta fi muhimmanci ita ce a wane mataki aka tsayar da shi, kuma wa ya ɗauki nauyin tsayarwar. Cutar da ta faɗa wa gonakin citta a daminar 2023 ta ƙara nuna wani abu: farashi ya yi tashin gwauron zabi, amma manomin da gonarsa ta ruɓe bai da abin sayarwa, bai ma da iri. Zaman rayuwar manomi ya dogara ga iri mai lafiya da wurin ajiya da bashi mai sauƙi, fiye da adadin da ake faɗa a kasuwa.

Ma'ana ta biyar: zaman jama'a

Wannan ita ce ma'anar da ta fi nauyi a yankin, kuma ita ce aka fi yi wa gurguwar fahimta. A harshen diflomasiyya kalmar ta shiga sunayen rundunonin Majalisar Ɗinkin Duniya, kamar wadda aka tura Mali a 2013 ta fice a 2023. A Kudancin Kaduna kuwa an sha jin ta bayan kowane rikici: na Maris 1987 da ya faro daga Kwalejin Ilimi ta Kafanchan ya bazu zuwa Kaduna da Zariya da Funtuwa da Katsina, na Zangon Kataf a Fabrairu da Mayu 1992, wanda batun sauya wa kasuwa mazauni ya kunna, da na bayan zaɓen Afrilu 2011, wanda ya ci rayuka a Zonkwa da Kafanchan ya kuma ƙone kasuwar garin. A kowane karo an sa dokar hana fita, an girke jami'an tsaro, ƙura ta lafa. Waɗannan matakai suna da amfani na gaske, domin suna tsayar da zubar da jini, kuma babu sulhun da ake ƙullawa ana tsakiyar kisa. Sai dai garin da ya yi shiru saboda dokar hana fita yana iya kasancewa cikin daidaito mai rauni, wanda jita-jita guda ta isa ta rushe.

Abin da ke mayar da daidaiton ya zama mai ɗorewa wani aiki ne daban, mai tafiyar hawainiya. Ya haɗa da sauraron koken al'ummomi game da sarauta, kamar yadda aka ƙirƙiro masarautun Atyap da Bajju a tsakiyar shekarun 1990, da wasu ƙari a zamanin Gwamna Ahmed Makarfi. Ya haɗa da zama a teburi ɗaya, kamar yarjejeniyar zaman lafiya ta Kafanchan da wakilan al'ummomi 29 daga ƙananan hukumomin Jama'a, Kaura, Zangon Kataf, Kaciya da Sanga suka sa wa hannu a Maris 2016, da kafa hukumar zaman lafiya ta jihar Kaduna a 2017. Hare-haren da suka sake tashi a Godogodo da Goska kafin ƙarshen 2016 sun nuna cewa takarda ita kaɗai ba ta riƙe gari. Abin da ke riƙe shi shi ne a sami wurin kai ƙara idan shanu suka shiga gona ko aka sace dabba, a hukunta mai laifi ko daga wane gida ya fito, a biya wanda aka yi wa ɓarna, sannan limami da fasto da ardo da hakimi su san juna tun kafin ranar tashin hankali. Saɓani ba zai ƙare tsakanin mutanen da ke raba ƙasa da ruwa da kasuwa ba. Ma'aunin zaman lafiyarsu shi ne ko saɓanin yana komawa teburin sulhu da kansa, ko kuwa yana gangarewa zuwa makami.

Kammalawa

Mun ga cewa aikatau ɗin ya fito daga saiwar tsayuwa, ya sami siffarsa ta yanzu a fagen jiragen ruwa, sannan ya rarrabu zuwa ma'anoni biyar da duk ake aiki da su a Kafanchan da kewayenta. A dukansu abu uku ba su sauya ba: akwai mazaunin da ake son abin ya riƙa komawa, akwai hannun da ke ci gaba da gyara, akwai kuma babban aiki da ke jira a gaba. Saboda haka muna ba masu fassara da 'yan jarida da malamai shawarar su guji mayar da kalmar "an warware" ko "an gama". Inda aka tsayar da lalacewa kawai, su ce "ta lafa" ko "an tsayar". Inda aka rage hawa da sauka, su ce "an daidaita". Su adana "ta ɗore" da "ta zauna da gindinta" ga abin da aka girgiza ya koma mazauninsa ba tare da an tilasta shi ba. Jama'ar da aka gaya wa gaskiyar matakin da suke kai za su san cewa akwai sauran aiki, kuma za su iya tambayar waɗanda aka ɗora wa alhakinsa ina aka kwana.